Agogo Ya Ce a Huta, Jiki Ya Ce a Ɗaga: Wa Za a Bi?

A wuraren ɗaga ƙarfe na zamani, da wuya a rasa mai ɗaure da na'urar auna jiki. Madaurin Whoop kan ba mai shi maki daga 0 zuwa 100 kowace safiya, da launi kore, rawaya ko ja. Zoben Oura da agogon Garmin ma suna da nasu makin. Abin ya kai wasu ba sa taɓa ƙarfe sai na'ura ta yi musu izini. Maganganun da ke yawo a kai kuwa, wasu gaskiya ne, wasu shaci-faɗi.

Ana cewa agogo na ƙirga bugun zuciya daidai. Wannan galibi haka yake. Koren hasken da ke walƙiya a bayansa yana ratsa fata, ya bi yadda jini ke ƙaruwa da raguwa a wuyan hannu. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada na'urori 7 a jikin mutum 60, kuma 6 daga ciki kuskurensu bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Sai dai idan mutum ya damƙe sandar ƙarfe, wuyan hannu ya ɗaure, lissafin kan rikice.

Batun ƙirga kalori kuwa, nan gizo ke saƙa. A binciken nan dai, na'urar da ta fi ƙoƙari ta kauce da kashi 27, wadda ta fi shirme da kashi 93. Mai auna tuwonsa da wannan adadi yana yaudarar kansa ne.

Jita-jitar da ta fi yaɗuwa ita ce jan maki na nufin tsoka ba ta warware ba. Ba haka ba ne, domin na'urar ba ta ganin tsoka ko kaɗan. Abin da take dubawa shi ne bugun zuciya lokacin barci, sauyin tazara tsakanin bugu da bugu, da tsawon barcin. Zazzaɓi, damuwa ko cika ciki da tsakar dare duk suna iya rage makin. Haka kuma mutum kan tashi da kore alhali cinyoyinsa sun yi tsamin da ruku'u ma sai ya cije. Shi tsamin nan, wanda kan tsananta kwana 1 zuwa 3 bayan atisaye, ba sinadarin laktik ke jawo shi ba, don wannan kan bar jini cikin kamar awa guda.

Shin yarda da lamba na iya sage gwiwa? Ƙwarai. A 2014, a Kwalejin Colorado, an shaida wa wasu ɗalibai cewa na'ura ta nuna barcinsu bai yi kyau ba, alhali sakamakon ƙirƙirarre ne. Da aka ba su gwajin lissafi, sai ga shi sun gaza waɗanda aka ce musu sun yi barci mai daɗi. Wani nazari na 2016 kuma ya gano cewa tambayar ɗan wasa yadda yake jin jikinsa ta fi gwaje-gwajen da aka saba yi wajen nuna nauyin atisaye a kansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya su riƙa ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Wanda ya ga ja safiya ɗaya, ya fara ɗumama jiki da ƙaramin nauyi ya ji yadda zai kaya. Idan jan ya jera kwanaki tare da kasala ko zazzaɓi, ya ajiye ƙarfe ya ga likita.