Tsaron Tirela da Amalanke Daga Ɓarayi

Manoma, ga kaka ta wuce, an gama kwaso amfani, yanzu ne tirelar tarakta da amalanken shanu za su sha zama a bayan gida ko gindin bishiya. To, a wannan lokaci ne ake yawan sace su.

Dalili kuwa a fili yake. Tirela ba ta da inji, ba ta da mabuɗi. Ɓarawo ya zo da mota cikin dare, ya maƙala zoben bakinta, ya zura ƙarfe, shi ke nan ya ja. Abin da ba ya so shi ne aikin da zai ɗauki lokaci ko ya tā da ƙara. Saboda haka duk dabarar ita ce a yawaita masa aiki.

Da fari a juya bakin tirela ya fuskanci bango, yadda mota ba za ta iya kai wa gare shi ba, sa'an nan a sa babban kwaɗo cikin zoben. Bayan wannan a zura sarƙa mai kauri ta cikin ƙafa, a zagayo da ita jikin ƙarfen tirelar, a ɗaure ga bishiya ko turken ƙarfe da aka kafa da siminti. Amma a lura, kada a bar sarƙar da kwaɗon kwance a ƙasa, domin nan ne ake samun wurin dukansu da guduma. A ɗaure su tamau, suna rataye. Ƙaramin kwaɗon akwati kuwa, asarar kuɗi ne kawai.

Wanda zai daɗe bai yi aiki da ita ba, ya fi kyau ya kwance taya ɗaya ya shigar ɗaka, ya tokare wurin da kututture. Masu amalanke su cire duka biyun, gama sau da yawa tayun kaɗai ɓarawo ke so, ya bar maka katako.

Sa'an nan a kai wa mai walda ya rubuta wata alama a ƙarƙashi, inda ido ba ya kai wa. Fenti ana shafe shi da wani fenti, walda kuwa sai an goge ta da inji. A adana rasit, a ɗauki hoto da waya. Ran da aka je gaban mai unguwa ko 'yan sanda, waɗannan ne shaidarka.

In akwai kare ko zabi a gidan, a ajiye ta kusa da makwancinsu.