Takardar da ke Tsare Man Babur

A ƙasar Gobir, wajen Gangara da Sabon Birni da Isa, babur ya karɓi rabin aikin jaki. Shi ke kai buhun gero kasuwa, shi ke kai taki gona, in kuma ciwo ya tashi da dare shi ke ɗaukar majiyyaci zuwa asibiti. Da yawa daga cikin baburan nan tsofaffi ne, sun sha rana, sun sha ƙura. Wanda ya lura da wurin da tsohon babur ya kwana, sau da yawa zai ga baƙin tabo a ƙasa, daidai ƙarƙashin injin. Wannan ba fetur ba ne, baƙin mai ne ke ɗiga.

Fetur da baƙin mai aikinsu ba ɗaya ba ne. Fetur ƙonewa ya ke yi, ya ba injin ƙarfi. Baƙin mai kuwa yana kwance a gindin injin, wani ɗan famfo yana ɗibarsa yana kai wa ƙarafa. Cikin injin akwai wani ƙarfe da a ke kira fistin, yana hawa yana sauka sau dubbai a minti guda. In ƙarfe ya yi ta gugar ƙarfe ba mai a tsakaninsu, sai su yi zafi, su cije. Shi ne makanikai ke cewa injin ya buga. Man ƙaramin babur kuwa bai wuce kamar lita 1 ba. Ashe ɗigon da a ke rainawa ya isa ya tsai da mutum a tsakiyar daji.

Mota tana da kasko dabam a ƙarƙashin injin, inda mai ke taruwa. Ƙananan babura, irin su Bajaj Boxer na Indiya da Honda CG125 wanda aka fara ƙerawa a Japan a 1975, ba su da shi. Nasu man yana zaune cikin ƙoƙon injin ne, an rufe gefensa da murfi, an ɗaure da kusoshi masu murɗi.

To, me ya sa mai ke fita, ga shi an ɗaure murfi tam? Dalili shi ne, bakin ƙarfe ko ya yi sumul a ido, yana da 'yan ramuka da ido ba ya gani, mai zafi kuwa ba ya raina kafa. Duk yaron da ya taɓa ganin ana dambu ya san maganin wannan. In an ɗora madambaci bisa tukunya, a kan naɗe mahaɗarsu da jiƙaƙƙen tsumma don kada tururi ya tsere. Haka a ke yi wa injin. A kan sa wata takarda mai kauri tsakanin ƙoƙo da murfi, in an ɗaure sai ta lotsa ta cike ramukan. Sunanta gaskit. Amma zafi ya kan tsufar da ita, ta bushe, ta tsage kamar busasshen ganye.

In akwai sabuwa a kanti, sai a saya a sa. Amma ta tsohon babur ba kullum a ke samunta a ƙauye ba, wani lokaci sai an aika Sakkwato ko Maraɗi. Saboda haka makaniki ya kan yanka tasa.

Da fari ya kan bari injin ya huce, ya tsiyaye man cikin kwano. Ba a zubar da shi ƙasa, balle kusa da rijiya, gama yana ɓata ruwa. Sa'an nan ya kwance kusoshi, ya jera su bi da bi, don wasu sun fi wasu tsawo. Ya kankare tsohuwar takarda a hankali. Nan ne yaran makanikai su kan yi ɓarna, domin murfin na sanholo ne, ba shi da tauri, in wuƙa ta karce shi ta yi wa mai sabuwar hanya ke nan. Sai ya wanke bakin da kananzir, ya goge da tsumma.

Akwai takarda ta musamman da a ke sayarwa don wannan aiki, ita ce ta fi. In babu, kwali mai santsi marar rami a ciki ya kan yi maganin wata rana. Makaniki ya shafa giris kaɗan a bakin murfi, ya kifa shi bisa takarda, ya danna. Da ya ɗaga, sai ga siffar murfin ta fito, har da gurbin kowace kusa. Ramukan kusoshi ya ke fara hudawa, sa'an nan ya yanke ciki, daga baya ya yanke waje. Da zai fara da waje, da takardar ta zama siririn zobe, ta yage wajen huda. Wasu gwanaye ba su bukatar almakashi. Su kan shimfiɗa takarda bisa murfi, su bi gefensa suna ɗan bubbugawa da guduma mai zagayayyen kai, kaifin gefen ya yanke ta da kansa.

Akwai wani abu da ya fi duk waɗannan haɗari. A wasu injuna, jikin murfi yana da ɗan rami wanda ba na kusa ba ne, hanyar mai ce. In an manta ba a huda gurbinsa ba, ɗigo ya tsaya, mai babur ya yi murna, alhali kuwa mai ba ya isa inda a ke bukatarsa. Don haka makanikin kirki ya kan ɗora sabuwar takarda bisa murfi, ya ce da yaronsa, "Ƙirga ramukan nan, ka sake ƙirgawa."

Wajen ɗauri ba a bin kusoshi a jere. A ɗan murɗa ta wannan gefe, a koma ta wancan, a yi ta kewayawa har duk su kama daidai. Wanda ya nuna ƙarfi da sifana ya kan cinye zaren murfi ko ya fasa takardar.

Daga nan sai a zuba mai, a auna da ma'aunin da ke jikin marufinsa, a ta da injin ya yi zafi. Makaniki ya durƙusa, ya bi mahaɗa da farin tsumma. In tsumma ya fito fari, aiki ya yi. In da kwali aka yi, ya kan gaya wa mai babur ya riƙa duba mai kowace safiya, har ran da aka samo ta kanti.