Ka Sayi Manhaja, Sai Kuma A Ce Ka Biya Haya

Matuƙin jirgin sama yana da littafinsa, kamar yadda ɗan kasuwa ke da littafin bashi. A ciki yake rubuta jirgin da ya tuƙa, inda ya tashi, inda ya sauka, da awa nawa ya yi a sama. A Amurka galibi sai mutum ya tara awa 1,500 kafin a ba shi lasisin tuƙa jiragen kamfanonin fasinja, kuma littafin nan ne shaidarsa.

Da wayoyin zamani suka yawaita, matuƙa da dama suka ajiye takarda suka sayi manhaja irin su LogTen Pro, biya ɗaya an gama. Daga baya kamfanin ya koma karɓar kuɗin shekara-shekara. Aka yi ta ƙorafi, amma ina! Aikin shekaru yana ciki, tashi ba sauƙi. Kamfanin Adobe ma hanyar da ya bi ke nan a 2013. Hujjar kamfanonin ita ce gyaran manhaja da ajiyar bayanai a intanet kullum suna cin kuɗi.

To 'yan'uwa, mu ma yanzu lissafin bashinmu ya fara komawa cikin waya. Kafin ka zuba sunayen masu cin bashinka a wata manhaja, ka tambaya: in na daina biya, zan iya kwashe lissafina? In amsar ba ta fito fili ba, kada ka yar da littafinka na takarda. Duk ƙarshen wata a kwafe, a ajiye a gida.