Mai Jifa Ya Riƙe Gora ko a Yi Masa Wakili? Abin da Ya Kamata Ku Sani Kan Gardamar Besbol

Kusan shekara hamsin Amurkawa suka kwashe suna buga wasa ɗaya da doka iri biyu. Tun daga 1973, ƙungiyoyin besbol da ke ƙarƙashin Amerikan Lig suka sauke wa mai jifa nauyin riƙe gora, suka ɗauko wani ɗan wasa daban yana yin bugu a madadinsa. 'Yan Nashinal Lig kuwa suka ce atafau, duk wanda ya jefa wa mutane ƙwallo, to shi ma ya zo ya tsaya a jefo masa. Sai a 2022 aka haɗe dokar, amma har yau in magoya baya biyu suka zauna, ba a rasa wanda zai tayar da zancen.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ga yadda yake. Kowace ƙungiya na da mutum tara. Ɗaya ta bazu cikin fili tana tsaro, ɗayar kuma 'yan wasanta su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, bisa jerin da koci ya rubuta tun kafin a fara, kowa da gorarsa. Mai jifa na tsaye kan wani ɗan tudu, tazarar mita 18 da 'yan kai, ya wurgo ƙwallo da iya ƙarfinsa. In mai gora ya make ta, sai ya ruga yana bin zango-zango. Wanda ya zagayo ya dawo gida ya ci maki ɗaya. Da an fitar da mutum uku sai a yi musanya, masu tsaro su koma bugu. Haka za a yi ta yi har turmi tara. Akwai kuma wata doka da ita ce gishirin wannan gardama: ɗan wasan da aka cire ba ya komawa fili a wannan wasan.

A tsohon tsari mai jifa na cikin jerin mutum taran nan, kuma kusan kullum shi ne na ƙarshe, domin kowa ya san bai iya ba. Ba lalaci ba ne. Tun yana yaro saboda hannunsa aka zaɓe shi, ba wanda ya tambayi bugunsa. A kakar wasa mai wasanni 162, mai jifan da ke buɗe wasa sau ɗaya yake fita cikin kwana biyar. Abokinsa mai bugu na yau da kullum zai tsaya gaban ƙwallo wajen sau ɗari shida a shekara, shi kuwa da ƙyar ya kai saba'in. Ƙwallon da ke gudun kilomita 150 a awa ba ta cika rabin daƙiƙa kafin ta iso, wanda bai saba ganinta kullum ba sai dai ya ji ƙararta a hannun mai cafewa. A 2021, shekarar ƙarshe da masu jifa suka yi bugu, cikin kowane yunƙuri ɗari kusan sha ɗaya kawai suke samu, alhali sauran 'yan wasa na samun kusan ɗaya cikin huɗu.

Tunanin yi masa wakili ya tsufa. Connie Mack, kocin Philadelphia Athletics, ya kawo shi tun 1906, ba a kula shi ba. Abin da ya farfaɗo da shi shi ne fatarar maki. A 1968 masu jifa suka danne masu gora har Carl Yastrzemski ya zama gwarzon bugu na Amerikan Lig da nasarar kashi 30 cikin ɗari kacal. Shekarar da ta biyo aka rage tsayin tudun jifa daga inci 15 zuwa 10, duk da haka 'yan kallo a filayen Amerikan Lig ba su kai na ɗaya ɓangaren ba. Masu ƙungiyoyi 'yan kasuwa ne, sun san maki ke sayar da tikiti. A watan Janairun 1973 suka amince a gwada wakilin bugu, wanda ake kira DH a taƙaice, na tsawon shekara uku. Ranar 6 ga Afrilu, a filin Fenway da ke Boston, Ron Blomberg na New York Yankees ya zama mutum na farko da ya riƙe wannan matsayi. Mai jifa Luis Tiant ya yi masa jifa huɗu a karkace, aka ba shi zangon farko kyauta. Gwajin shekara ukun ya zauna daram.

Nashinal Lig ta kusa bin sahu a 1980. Ranar ƙuri'a wakilin Philadelphia Phillies, Bill Giles, ya nemi maigidansa Ruly Carpenter don ya ji ta bakinsa, ashe ya tafi kamun kifi. Giles ya ƙi kaɗa ƙuri'a, wakilin Pittsburgh da aka umarta ya bi Philadelphia shi ma ya janye hannu, shawarar ta faɗi. Sai da aka ƙara shekara arba'in da biyu.

To me masu adawa da wakili suke karewa, tunda su ma sun yarda mai jifa bai iya bugu ba? Suna kare tsaka-mai-wuyar da yake jefa koci a ciki. A ce turmi na bakwai ne, ana bin ku maki ɗaya, kuna da mutum biyu a kan zango, an riga an fitar da biyu. Mai jifanku yau hannunsa na ci, abokan hamayya sun kasa taɓa ƙwallonsa. Sai ga layi ya zo kansa. In koci ya bar shi ya buga, mai yiwuwa damar ta salwanta. In ya ɗauko gwanin bugu daga benci, ya rasa mai jifan ke nan har a tashi, sauran turmi biyu kuma sai ya damƙa wa wanda bai amince da shi sosai ba. Duk filin ya san abin da ake ciki, kowa na da ra'ayinsa, gobe kuma jaridu su yi wa kocin hisabi. Daga wannan matsala dabaru da dama suka fito: a bar mutum na takwas ya wuce da gangan don a fuskanci mai jifa, ko mai jifa ya kara gora kawai ƙwallo ta gangara gabansa, a fitar da shi amma abokinsa ya matsa gaba. Akwai kuma hujjar ramuwa. Mai jifan da ya san zai zo ya tsaya a jefo masa, in ji su, zai yi tunani kafin ya narka wa wani ƙwallo a haƙarƙari.

Sannan akwai daɗin abin da ba a zata ba. Ranar 7 ga Mayun 2016, a San Diego, Bartolo Colón na New York Mets, mai jifa ɗan shekara 42, mai jiki, wanda hular kwanonsa kan faɗo in ya kai duka, ya make ƙwallon James Shields ta tsallake katanga. Shi ne karo na farko a rayuwarsa ta babbar gasa. Ya ɗauki wajen daƙiƙa talatin yana zagaya zango, abokan wasansa kuma suka ɓuya don tsokana, ya dawo ya tarar da benci wayam. Har yau ana kallon bidiyon.

Amma a ganina wannan hujja ita ce mafi rauni. Kafin a ga irin ta Colón sau ɗaya, an kalli ɗaruruwan masu jifa sun tsaya da gora a kafaɗa, jifa uku, sun juya. Ga kuma hasara. Chien-Ming Wang, ɗan Taiwan, ginshiƙin jifan Yankees, ya ji rauni a ƙafa a 2008 yana gudun zango a Houston, bai sake komawa yadda yake ba. Adam Wainwright na St. Louis ya tsinke jijiyar dunduniya a 2015 yana ƙoƙarin tashi gudu bayan bugu. Mutumin da ake biya miliyoyin daloli saboda hannunsa, a rasa shi a wurin aikin da ba don shi aka ɗauke shi ba, mai ƙungiya ba zai daɗe yana haƙuri ba.

Ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ita ma tana da nata lissafin. Wakilin bugu gurbi ne mai albashi mai tsoka, galibi na tsohon gwani wanda gwiwoyinsa suka gaji da tsaron fili amma idonsa da damtsensa na nan. Edgar Martínez na Seattle da David Ortiz na Boston a wannan gurbi suka yi suna, har aka shigar da su zauren girmamawa na Cooperstown, ɗaya a 2019, ɗaya a 2022. An ɗanɗana dokar a ɓangarorin biyu a gajeriyar kakar korona ta 2020, aka koma gidan jiya a 2021, sannan yarjejeniyar Maris 2022, wadda ta kawo ƙarshen rufe wasa na kwana 99, ta mayar da ita ta dindindin.

Abin ban mamaki, a daidai lokacin da aka yanke cewa mai jifa ba ya bugu ne aka samu wanda ya ƙaryata hakan. Shohei Ohtani, ɗan Japan, gwani ne a duka biyun, irin wanda ba a gani ba tun zamanin Babe Ruth. Saboda shi aka ƙara wani sashe a dokar a 2022: wanda ya buɗe wasa a matsayin mai jifa kuma wakilin bugu, in an sauke shi daga tudu yana iya ci gaba da riƙe gora. A 2024, shekarar da bai yi jifa ba saboda tiyatar gwiwar hannu, ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 54 a Los Angeles Dodgers, ya ci kyautar gwarzon Nashinal Lig ba tare da ya tsare fili ba.

A ƙasarsa ne tsohon tsarin ya fi daɗewa. Gasar Fasifik ta Japan ta karɓi wakilin bugu tun 1975, takwararta Santiral Lig, inda Yomiuri Giants da Hanshin Tigers suke, ta yi shekara hamsin tana ƙi. A watan Agustan 2025 ita ma ta sanar cewa za ta fara amfani da shi daga kakar 2027.