Jirgin alhazai da ruwan shibka a ƙasar Dakoro

Kowace shekara, tun watan azumi bai kama ba, mutanen gundumar Dakoro da Allah ya hore wa hali sukan fara shirin sauke farali. Wani ya kai shanu kasuwa, wani ya buɗe rumbun da ya daɗe yana tanadi, wata kuma ƴaƴanta da ke ci-rani ne suka haɗa mata. A shekara ta 2023 kuɗin kujera ya haura sefa miliyan 3, wato jikka sama da 3,000. Maniyyaci yakan zuba kuɗin a hannun kamfanin jigilar alhazai, a ba shi takardar shaida. Cikin kuɗin nan akwai biza, da masauki a Makka da Madina, da tanti a Mina da Arfa, da motocin da za su ɗauke shi tsakanin wuraren ibada, da jirgin sama zuwa da komowa. Amma ranar da ya biya, ba safai ake iya gaya masa ranar tashi ba, balle sa'a, ko filin da zai sauka, ko ranar da zai sake ganin iyalinsa.

A ƙasashen Turai da Amurka ma masu tafiya suna kuka da irin wannan. Can akwai manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, waɗanda ake sayar da tafiyarsu a dunƙule, har da jirgin saman da zai kai mutum bakin teku. Kamfani ne ke zaɓen jirgin, yakan kuwa zaɓi mai rahusa: na tsakar dare, ko mai yada zango biyu a hanya. Wanda bai yarda ba yana iya ƙara kuɗi a sauya masa rana, ko ya yanki tikitinsa da kansa. In ya yanki nasa kuma ya makara, jirgin ruwa ba zai jira shi ba. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2015, wadda ta ce in kamfani ya yi babban sauyi ga tafiya kafin a tashi, mai tafiya yana da ikon fasawa, a maido masa kuɗinsa. Sai dai mai yawon shaƙatawa yana iya fasawa ya nemi wani jirgi wata mai zuwa. Alhaji ba ya da wannan dama, domin tsayuwar Arfa rana guda ce cikin shekara.

Daga tafiyar ƙasa zuwa jirgin haya

Kakanninmu na ƙasar Hausa su ne masu zaɓen ranar tashinsu. Sukan bari sai an gama girbi, su bi gabas ta tafkin Cadi, su ratsa Wadai da Darfur da Kordofan, har bakin Bahar Maliya, inda suke shiga jirgin ruwa daga Sawakin ko Fot Sudan zuwa Jidda. Sukan tsaya a hanya su yi ƙodago su nemi guzuri. Tafiyar takan ci shekaru, da yawa kuma ba su komo ba, zuriyarsu na nan a Sudan har yau.

Jirgin sama ya mai da tafiyar shekaru ta sa'o'i, gama tsakanin Yamai da Jidda kimanin kilomita 4,000 ne. Kamfanin Air Afrique, wanda Nijar da wasu ƙasashen Afirka suka kafa a 1961, ya daɗe yana ɗaukar alhazai kafin ya durƙushe a 2002. Tun 2013 hukumar shirya aikin haji da umara, wato COHO, ita ke kula da sha'anin a Nijar, kamfanoni masu izini kuma su ne ke rubuta maniyyata. An sami sauƙi mai yawa, amma zaɓen rana ya fita daga hannun mai tafiya.

Me ya sa jirgi ke tashi a lokacin da bai dace ba?

Dalili na farko shi ne yawan jama'a. Tun ƙarshen shekarun 1980 ƙasashen Musulmi suka amince a bai wa kowace ƙasa kujera 1,000 ga kowane Musulmi miliyan guda. A 2023 rabon Nijar ya kai kujera 15,891, cikin mutum sama da miliyan 1 da dubu 800 da suka yi haji a shekarar. Ko da jirgi mai cin mutum 500 aka samu, sai ya yi sawu 32 kafin ya kwashe rabon Nijar kaɗai.

Na biyu, ƙofar ƙunci gare ta. Jiragen alhazai sukan fara sauka ƙasa mai tsarki daga farkon Zulƙida, a rufe a ranar 4 ga Zulhajji. Filaye biyu ne ke karɓar mafi yawan baƙin, na Jidda da na Madina. Hukumar jiragen sama ta Saudiyya ce ke yanka wa kowane jirgi sa'ar saukarsa, dare da rana. In aka ba jirgin Nijar sa'ar safiya a Madina, dole ya bar Yamai cikin dare, musamman da yake agogon Saudiyya yana gaba da na Nijar da awa 2.

Na uku, jirgin alhazai na haya ne. Yakan kai mutane, ya juyo, ya ɗauki wasu. In ya sami matsala a sawu guda, duk sawun da ke biye sai ya goce. Haka kuma ba a sa sunan mutum a jerin masu tashi sai bizarsa ta fito, biza kuwa ba ta fitowa sai kamfani ya biya masauki da sauran hidimomi a Saudiyya. Jinkirin maniyyata wajen cika kuɗi yakan zama jinkirin ayari duka.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin kowa. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyar ƙasar. Jiragen alhazan Afirka ta Yamma suka koma yin zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin mai ya ƙaru.

Nauyin da ke kan mutumin Dakoro

Mazaunin Yamai in aka ɗage tashi, sai ya koma gida ya kwana. Dakoro kuwa tana kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi. In daga Yamai jirginsa zai tashi, maniyyaci zai yi tafiyar kilomita sama da 700, ta Madawa da Ƙwanni da Dogon Dutsi da Doso, ya nufi yamma alhali alƙibla tana gabas. Wanda ya fito daga ƙauyukan Kornaka, ko Birnin Lalle, ko rugagen kwarin Tarka, sai ya fara neman motar da za ta fidda shi bakin kwalta. In kira ya iske shi da la'asar cewa gobe ne tashi, kwanan mota ya kama shi. In ya isa aka ce an ɗaga da kwana uku, guzurin da ya tanada domin Makka zai fara ƙarewa a Yamai, wajen abinci da makwanci. Mafi yawan maniyyata kuwa dattawa ne, wasu da hawan jini, wasu da ciwon sukari.

Gajiyar nan tana da haɗari. A hajin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka ba da sanarwar rasuwar mutum sama da 1,300. Tsohon da ya sauka jirgi bayan kwana uku babu barci, ya shiga ɗawafi cikin irin wannan rana, ya fara ibada da rabin ƙarfinsa.

Komowa gida ita ce ta fi taɓa manomi. An tsaya Arfa ranar 27 ga Yuni a 2023, ranar 15 ga Yuni a 2024, ranar 5 ga Yuni a 2025. Jigilar komowa takan ɗauki makonni, har zuwa tsakiyar Muharram, wanda a 2024 ya faɗo bayan 20 ga Yuli. Ƙasar Dakoro tana kan iyakar noma da kiwo, wadda dokar 1961 ta shata. Damanarta gajera ce, ruwan shibka yakan sauka cikin Yuni ko Yuli, kuma ƙasar rairayi ba ta riƙe laima sai kwanaki kaɗan. Maigidan da ruwan ya sauka yana zaune a Makka yana jiran jirgi, bai kuwa bar umurni a gida ba, yana iya komowa ya tarar hatsin maƙwabta ya tsiro, gonarsa na kwance. Makiyayi ma a wannan lokaci ne bisashensa suka fi rama, a nan ne kuma ake yanke shawarar tashi zuwa arewa. Da yake shekarar Musulunci tana gaza ta Nasara da kwana 11, lokacin haji yana matsowa cikin bazara, amma na wasu shekaru komowar alhazai za ta ci gaba da haɗuwa da farkon damana.

Abin da maniyyaci zai iya yi

Maganin ƙi-gudu, in ji Hausawa, sa-gudu ne. Maganin wannan wahala kuwa tambaya ce tun kuɗi na aljihu. Kafin ya biya, ya kamata maniyyaci ya tabbata kamfanin yana cikin masu izinin hukuma. Ya tambaya daga wane gari za a tashi. Ya tambaya wa zai biya motar zuwa filin jirgi, wa zai ɗauki nauyin ci da kwana in aka ɗage tashi. Ya tambaya ko jirgin haya ne, ko jirgin fasinja na yau da kullum, wanda ranarsa ta fi tsayuwa amma yakan fi tsada, yakan kuma yada zango a wata ƙasa. Duk amsar da aka ba shi, ya nemi a rubuta, a sa hannu, a buga hatimi, ya bar kwafi guda a gida. Ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar ke cikinta, ta kafa doka a 2003 game da haƙƙin fasinjan da aka soke jirginsa ko aka jinkirta shi ƙwarai. Amma mai neman haƙƙi sai da takarda a hannu.

Ya cika kuɗinsa da wuri, ya miƙa fasfo da wuri. Allurar shawara da ta sanƙarau wajibi ne, ana kuma so a yi su aƙalla kwana 10 kafin isa Saudiyya. Wanda takardunsa suka kammala da wuri ya fi samun shiga sawun farko, kuma bisa al'ada wanda ya riga zuwa shi ke riga komowa. Manomin da ke son iske shibka ya faɗa wa kamfani haka tun ranar rubuta suna.

Ya san filin da zai sauka. Wanda jirginsa ya nufi Madina zai ɗaura harami daga baya, a Zul Hulaifa, sa'ad da zai kama hanyar Makka. Wanda zai sauka Jidda ya zarce Makka kuwa, haraminsa ya kasance a jakar hannu ko a jikinsa, kada ya shige cikin kayan da aka auna. Magunguna da katin allura su ma a jakar hannu suke zama.

Ya iya karanta sa'a. In aka rubuta Talata 02h00, ana nufin ƙarfe biyu na daren da Litinin ke wayewa Talata. Wanda ya bar Dakoro da safiyar Talata ya riga ya rasa jirginsa, domin tun da yammacin Litinin ake son ganinsa a filin jirgi.

Ya shirya gidansa kamar zai yi kwana 40 ko fiye. Ya ware iri, ya nuna gonar da za a fara, ya wakilta wanda zai tsaya kan shibka da noman fari, ya bar abincin iyali da na bisashe. Ya kuma ware kuɗin kwana uku ko huɗu dabam da guzurin Makka.

Abin da bai kamata ya yi ba shi ne ya biye wa mai ce masa ya tafi da bizar ziyara, ya zaɓi jirgin da yake so. Cikin waɗanda suka rasu a 2024, kashi 83 cikin 100 ba su da izinin haji, don haka ba su sami tanti ko motar hukuma ba. A 2025 Saudiyya ta sa tarar da ta kai riyal 20,000 ga mai yin haji babu izini, tare da kora da hana shiga ƙasar shekara 10.

Abin da ke wuyan hukumomi da kamfanoni

Sa'ar sauka a Jidda ba ta hannun ma'aikatan Nijar, amma isar da labari yana hannunsu. In aka haɗa maniyyatan gunduma guda a sawu guda, za su iya ɗaukar mota guda, su kula da tsofaffinsu, su komo tare. In jerin sunaye ya fito, a karanta shi a gidajen rediyon karkara da Hausa da Fulatanci da Tamajak, a manna shi a ofishin magajin gari da fadar sarki. Kada a kira mutumin nesa sai jirgi ya tabbata, in kuma an kira shi, a ba shi wa'adin da zai isa ba tare da tafiyar dare ba. In jinkiri ya auku, a gaya masa gaskiya, a ba shi inuwa da ruwa da abinci. Yarjejeniyar da yake sa wa hannu da Faransanci kuwa, a fassara masa ita cikin harshen da yake karantawa.

Haƙuri yana cikin guzurin alhaji, babu mai musun haka. Amma mutumin da ya sayar da shanunsa domin amsa kiran Ubangijinsa ya cancanci a gaya masa ranar tashi da wuri, domin ya san wanda zai bar wa iri da gona. Allah ya kai maniyyatan Dakoro lafiya, ya maido su lafiya, ya ba da damana mai albarka.