Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Kujerar Majinyaci A Kwamitin Asibitin Taɓin Hankali

A watan Janairu na 2023 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya. Dokar ta maye gurbin ta 1958, wadda tushenta ke komawa ga dokar Turawan mulki ta 1916, lokacin da ake ɗaukar mai taɓin hankali abin tsarewa kawai. Sabuwar dokar ta amince cewa majinyaci yana da haƙƙin a girmama shi, a kuma ji ta bakinsa game da maganin da za a yi masa. To, amma doka a takarda take. Tambayar da muke so mu yi ita ce: idan manyan asibitocinmu, irin na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da na Dawanau a Kano, suka zauna shawara, wa ke magana da bakin wanda ya taɓa kwanciya a gadon?

Mu dai a ganinmu, ya kamata kowane kwamitin ba da shawara na irin waɗannan asibitoci ya keɓe kujeru ga mutanen da suka yi wannan ciwo suka sami sauƙi. Likita ya san sunan ciwo da adadin ƙwayar da za a sha. Amma wanda ya sha ƙwayar shi ya san yadda take sa hannu rawa, da sanƙarewar jiki, da barcin da ke hana mutum fita kasuwa ko zuwa ofis, har ya gaji ya daina sha a ɓoye. Shi ya san halin da ɗaki ke ciki da tsakar dare bayan manya sun tashi, da irin muryar da ake kiransa da ita, da abin da mutum ke ji sa'ad da aka danne shi aka ɗaure.

Wannan ba sabon abu ba ne. A asibitin Bisetar da ke kusa da birnin Faris, wani mai suna Jean-Baptiste Pussin ya fara shiga ne yana majinyacin wani ciwo na jiki, daga baya ya zama mai kula da sashen masu taɓin hankali. Shi ya cire musu sarƙoƙi a 1797, kuma yakan ɗauki waɗanda suka warke aiki. A Amurka kuwa, Clifford Beers ya fito daga asibiti ya rubuta labarin wahalar da ya sha a 1908, sa'an nan a 1909 ya kafa kwamitin ƙasa na gyaran wannan fanni. A nan gida ma, a 1954 Dokta Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda majinyata ke zama a gidajen mutanen gari tare da danginsu, su riƙa zuwa asibiti karɓar magani. Har ila yau, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2010, ta wajabta a shawarce su a kan duk abin da ya shafe su.

Mun san wani zai ce, yaya za a nemi shawarar wanda ya taɓa zaucewa? Amsa tana cikin fiƙihun da muka gada. Malamai sun bayyana cewa ana ɗauke wa mutum hukunci ne muddin hankalinsa ya gushe; idan ya dawo, cinikinsa ya inganta, maganarsa abar saurare ce. Wanda shari'a ta yarda ya saya ya sayar, da wace hujja za mu hana shi faɗin ra'ayinsa kan abincin asibiti? Kuma ba mu manta da abin da ya bayyana a 2019 ba, sa'ad da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, waɗansu da mari a ƙafa, daga gidajen horo a Kaduna da Katsina. Irin wannan ɓarna takan daɗe ne a wurin da ba a gaskata maganar na ciki.

Sai dai kuma kada abin ya zama ado. Mutum guda a tsakiyar manyan likitoci goma ba zai iya buɗe baki ba. A sa aƙalla biyu, mace da namiji. A ba dangi kujerarsu daban, domin bukatar mai jinya da ta majinyaci ba kullum suke haɗuwa ba. A biya su kuɗin mota da na zama kamar sauran wakilai. A yi bayani da harshen da suke ji, a rubuta abin da suka kawo, a kuma dawo musu da amsa a zama na gaba. Wanda jikinsa ya motsa, a jira shi, kamar yadda ake jiran wakili mai hawan jini.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatan gwamnati da ke tsara sunayen kwamitoci su tuna da wannan kujera. Attajiran da ke kai sadakar abinci da magani asibiti kuwa, su tambayi hukumar wurin ko akwai tsohon majinyaci a cikin masu shawara. Wannan ciwo ba ya duba arziki ko muƙami, kuma babu gidan da ya fi ƙarfinsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.