Sa'o'in Tashi Sun Daina Isa: Matuƙa Jirgi da Neman Aiki a Amurka

A 2022 da 2023, manyan kamfanonin jiragen sama na Amurka sun riƙa ɗaukar matuƙa sama da dubu goma a shekara. Korona ce ta haƙa ramin: a 2020 an lallaɓi dubban tsofaffin hannu sun ajiye aiki tun wa'adinsu bai yi ba, ga kuma dokar ritayar dole a shekara 65. Da fasinjoji suka dawo, sai masu tuƙi suka yi ƙaranci, har Delta ta janye sharaɗin digiri a farkon 2022. A lokacin, kyaftin ɗin ƙaramin kamfani in ya cika fom, kiran waya kawai yake jira.

Shekarar 2024 ta sauya lissafi. Bayan wani sashe na jikin wani jirgin Boeing na kamfanin Alaska Airlines ya ɓalle a sama a watan Janairu, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta taka wa Boeing birki, jiragen da aka yi oda suka ƙi zuwa a kan kari. Matsalar injinan Pratt & Whitney ta zaunar da jiragen Airbus da dama a ƙasa. United ta dakatar da ɗaukar sababbi na ɗan lokaci, Spirit kuma ta tura wasu matuƙanta gida.

Daga nan takardar neman aiki ta yi daraja. Tun 2013 doka ta ce galibi sai da sa'o'in tashi 1,500 a shiga irin wannan aiki, don haka kusan duk wanda ke layi yana da su, da yawa ma sun ninka. Ana duba wanda ya jagoranci jirgi a kujerar hagu, wato ta kyaftin, da wanda ya horar da wasu ko ya jarraba su, da wanda littafin sa'o'insa ke tsaf. Mai tantancewa zai buɗe shafi, ya bi jeren sa'o'in dare da yatsa, ya haɗa jimla. In fom ya ce 1,240 littafi ya ce 1,204, tambayar da ke ransa ita ce: wanda ya yi sakaci da lissafinsa, yaya zai yi da lissafin man jirgi?

Shi ya sa sana'ar gyara takardu da koyar da amsa tambayoyi ta bunƙasa, kuma matuƙa na biya ba ƙyashi. Dalilin a fili yake. A waɗannan kamfanoni ranar da aka ɗauke ka ce ke yanke maka komai: garin da za ka zauna, hutun da za ka samu, da shekarar da za ka zama kyaftin. Jinkirin wata shida kan bi mutum har ritaya.

A ganina gyaran yana da amfani matuƙar ya tsaya ga tsabtace gaskiya. Inda nake da damuwa shi ne haddar amsa, mutum goma su ba da labari iri ɗaya da kalmomi iri ɗaya, har mai tambaya ya kasa gane halin kowa. Ɓoye faɗuwa a jarrabawar tuƙi kuwa ya fi muni. Kyaftin ɗin jirgin Colgan Air da ya faɗi kusa da Buffalo a 2009, inda mutum 50 suka mutu, bai bayyana duk jarrabawowin da ya faɗi ba lokacin da ya nemi aiki. Wannan ne ya haifar da rumbun bayanan matuƙa na FAA, wanda dole kamfani ya duba kafin ya ɗauki mutum. Yanzu wanda ya taɓa faɗuwa gara ya rubuta da hannunsa, ya faɗi abin da ya gyara.

Ƙananan kamfanoni sun ci ribar tsaikon ɗaukar aiki na 2024, domin kyaftin-kyaftin ɗinsu sun daɗe a wurinsu, mataimaka matasa suna samun wanda za su koya a gefensa. Sai dai layin ritayar masu shekara 65 bai tsaya ba, kuma kowane jirgi da Boeing ta miƙa yana buƙatar matuƙa.